Neman Ango a Duwatsun Sin

Guangzhou, 3 ga Maris, 2025

Goggo Hasiya,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa. Yaya gwiwa, yaya hawan jini? Ina fata kina shan magani a kan lokaci, ba sai Mama ta bi ki da kofi ba. Babana ya ce kin cire na'urar kunnen da aka sayo miki kin jefa a kwalla, wai kukan sauro take yi miki. Tunda haka ne waya ba za ta yi mana ba, sai mu koma wa takarda. Alhaji Shehu na Kantin Kwari ya gama sayayyarsa a kasuwar Baima, jibi zai taso, shi zai kawo miki wannan.

Ni lafiyata ƙalau. Azumi a nan da sauƙi, kullum garin a lumshe, ga danshi har bangon ɗaki gumi yake yi. Shinkafar da nake bincike a kanta ta fara tashi, malamina kuma ya kwana biyu bai yi mini faɗa ba.

Ga labarin da na san zai yi miki daɗi. Na sayi keke. Ba irin na cefane ba, mai ƙaton taya da giya wanda ake hawa dutse da shi. Hafsah ce ta ja ni, wata 'yar Maraɗi da muke makaranta ɗaya. Akwai wani mai shagon kekuna a unguwar Panyu, Malam Chen, kowa laoban yake ce masa, wato maigida. Duk Asabar yakan tara masu son hawa su fita bayan gari. Ranar da na fara zuwa ya kalli hijabina, ya kalli kaca, ya shiga ciki ya fito da maɗauri ya nuna mini yadda zan tattare shi kada ya shiga taya. Na ba shi labarinki, goggon babana ungozoma, wadda ta zaga ƙauyukan Kura a kan keke tana karɓar haihuwa. Ya ce to ashe gado ne.

Bayan Salla kaɗan akwai hutun da mutanen nan suke zuwa sharar kaburburan iyayensu. Laoban ya shirya mana tafiya arewa. Jirgin ƙasa zai kai mu gindin duwatsu, daga nan sai keke, ta wata tsohuwar hanya mai ratsa ƙauyukan da suka kusa zama kufai. A duwatsun ne aka gwabza da sojan Japan lokacin yaƙin duniya, za mu riƙa tsayawa a inda aka binne sojoji aka kafa musu duwatsun tunawa. Babana ya yarda bayan ya yi wa Hafsah tambayoyi kamar ɗan sanda. Saura ke. Ki sa mini albarka, kuma ki gaya mini yadda kike yi da gangara in an yi ruwa.

Jikarki,
Surayya

*

Gwammaja, Kano, 20 ga Maris

Takarda daga hannun Hasiya ungozoma zuwa ga jikata Surayya. Gaisuwa da sa albarka. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta. Magani ina sha. Uwarki da ubanki lafiya, sai dai sun mai da ni ƙwai, komai a ce kada Goggo ta ji.

Gangara kuwa, birkin baya ake fara kamawa, a hankali, kamar ana jan kunnen yaro. In wuri ya fi ƙarfinki ki sauka ki tura. Babu wanda ya taɓa mutuwa don ya tura keke.

Amma ba wannan ce ta sa na ɗauki biro ba. Na zo kan layin nan na Japan sai na tsaya. Na ajiye takardar, na yi alwala, sannan na dawo na ƙarasa.

Kin san kakanki Ghali ƙanena ne, amma uwa muka haɗa, ba uba ba. Ubana sunansa Abdurrashidu, mutumin Kura. Yana ango aka ɗauke shi soja, ko lallen Inna bai gama fita ba. Shi ya sa har yau Ango ake ce masa, don bai zauna ya tsufa an sake masa wani sunan ba. Ina ciki ya tafi. Aka ce an kai su Bama yaƙi da Japan, ƙasar duwatsu da gora da ruwan sama. Da aka gama yaƙi aka fara dawo da su, Inna ta goya ni ta tafi tashar jirgin ƙasa, duk mai kaki sai ta tare shi. Wani ya ce ya gan shi a asibiti. Wani ya ce ya gan shi yana ƙetare kogi da kaya a ka. Ba wanda ya ce ya ga gawarsa. Saboda haka ba a yi masa salla ba, ba a shimfiɗa tabarma ba, ba wanda ya taɓa ce mini Allah ya jiƙansa ba tare da ya ƙara da “in ya rasu” ba. Shekaru suka ja, alƙali ya ba Inna izinin aure.

Na tambayi Alhaji Shehu, ya ce ai Bama da Sin iyaka ɗaya suke, kamar mu da Nijar. Ga duwatsu, ga Japan, ga kaburbura, ga kuma jinin Inna a kan keke zai bi ta wurin. Ni dai ban ɗauki wannan banza ba.

Ki duba mini, Surayya. Ban san da sunan da Turawa suka rubuta shi ba, ko Abdu Kura ko Ango Kura, ki duba duka. In kin same shi ki yi masa sallama, ki ce Hasiya ce ta aiko ki. Ba zai san sunan ba, ki ce cikin da ya bari.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Goggonki

*

Gwammaja, 13 ga Afrilu

Surayya 'yar albarka,

Gaisuwa a taƙaice, don abin da ke bakina ya fi ta yawa. Lafiya muke. Alhaji Shehu zai koma baje kolinku na Pazhou, na ce ba zai tashi ba sai da wannan.

Na ji. Ba su so su gaya mini ba, wai don jinina, amma Allah ya buɗe mini kunne a ranar. Tun ana gobe na ga gidan ya canza. Uwarki ta ɗora tukunya ta manta da ita har ta ƙone. Ubanki Haidar yana ta safa da marwa da waya a hannu, in na tambaya ya ce harkar kasuwa ce. Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar ɗakina sai waya ta shigo. Na ga ya zube a kan gwiwa a tsakar gida yana cewa, “Alhamdulillahi, an same shi, an same shi.” Na ce, “Haidar, Surayya ce? An same shi?” Hawaye har gemu, ya gyaɗa mini kai. Ban taɓa sanin yaron nan ya ɗauki maganar ubana da nauyi haka ba. Allah ya yi masa albarka.

Ban yi shawara da kowa ba. Na aika wa Liman, na sa aka jiƙa shinkafa aka yi waina, aka raba har bakin titi. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure aka sauke Alƙur'ani. Mata suka cika ɗakina. Mutanen Kura suka zo da mota guda, har da wata tsohuwa da ta ce uwarta ce ta yi wa Inna kitson biki. Kowa ya shigo ya durƙusa ya ce, “Hajiya, yaya haƙuri? Allah ya jiƙan Malam Abdurrashidu.” Haka kawai, ba ƙari. Ni da na karɓi haihuwar rabin unguwar nan, na zauna da furfurata ina kuka kamar yarinyar da aka yi wa mutuwa jiya. Kuma tun ranar nake barci, irin wanda na manta ana yi.

Abu ɗaya ne ya dame ni, shirunki. Na ce a kira ki in ga fuskarki ko ba zan ji ba, sai a ce wayarki ta lalace. To biro ma ya lalace? Ki rubuto mini komai. Da wane suna aka rubuta shi? Shi kaɗai ne ko cikin jama'a? Akwai inuwa a wurin? Ya fuskanci gabas?

Na gode, na gode. Abin da kika yi mini ɗan cikina bai yi ba.

Goggonki Hasiya

*

Guangzhou, 27 ga Afrilu

Goggona,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fata wannan ta same ki a zaune, kin sha magani. Ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki kira kowa. Ni ina raye, ina samun sauƙi, da hannun dama nake rubutu don na hagu yana cikin filasta.

Babana ya roƙe ni in bar ki a yadda kike. Na ce masa ke kika gaya mini ba ki taɓa ɓoye wa mai naƙuda abin da ta haifa ba, ko mai rai ko akasin haka, don ta fi kowa haƙƙin sani. Goggo, ba “an same shi” Babana ya ce ba. “An same ta” ya ce. Ni ce na ɓata.

Ban sami Ango ba. Bama tana maƙwabtaka da Sin, amma ta can yamma, tsakaninta da duwatsun da muka je ya fi Kano zuwa Ikko nesa ba kusa ba. Sojojinmu ba su zo nan ba. Takardarki ta farko ta iso ana gobe za mu tashi, na ce Babana ya yi miki bayani, ya ce a bari sai na dawo. Bayan na fito asibiti na duba sunayen sojojin Afirka da aka binne a Bama ta intanet. Abdu suna da yawa, an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji. Ban ga wanda zan rantse shi ne ba.

Ga abin da ya faru. Tafiya ta yi kyau da farko. Hanyar dutse ce shimfiɗaɗɗiya, gora ta rufe sama, ƙauyukan ba kowa sai tsofaffi da kaji. Duk inda muka tarar da dutsen tunawa laoban zai tsayar da mu, ya cire hula ya karanta mana. Ni kuwa, duk da na san ba ya nan, sai in sami kaina ina bin rubutun da yatsa. Ana gobe za mu juyo, bayan azahar, hazo ya sauko da yayyafi. Na tsaya a wani ginshiƙi a gefen hanya, bayansa tudun ƙasa, an share wurin fes. Babu suna ko ɗaya a jiki, an dai rubuta cewa sojoji ne da ba a san su ba. Na daɗe a tsaye ina tunaninki. Hafsah ta ɗauka ina baya tare da laoban, shi kuma ya ɗauka ina gaba. Da na hau na zo mararraba na bi hagu, ashe dama suka bi.

Gangara ce mai santsi. Kin ce in sauka in tura, amma ina sauri in cim musu. Na damƙe birkin gaba. Sai gani na na yi a cikin kwari, keke a kaina, hannu ya karye, ƙafa ta yi targaɗe, waya ta tarwatse a kan dutse. Na yi kira har murya ta dushe. Ruwa yana bi ta cikin rigata, jikina ya fara daina rawa, kuma na san wannan ba alama ce mai kyau ba. Na yi shahada. Na tuna Inna a tasha, na ce haka Mama za ta riƙa tare mutane tana tambaya.

Sai na ji ƙarar ƙarfe. Wata tsohuwa ce a kan keken lantarki mai ƙafa uku, tsintsiya da kwando a baya, ta ga sawun tayata ya bar hanya. Ƙanƙanuwa ce, bayanta ya ranƙwafa. Ta sauko da baya tana riƙe gora, ta ɗage mini keken, ta sa kafaɗarta a hammatata. Yadda muka fito daga kwarin nan, Allah kaɗai ya sani.

A gidanta na gwada Sinancin makaranta. Na ce, “Waya?” Ta ce, “Meyo.” Wato babu. Na ce, “Mota?” Ta ce, “Meyo.” Na ce, “Likita?” Sai ta nuna ƙirjinta. Ta tsaga gora ta ɗaure mini hannun, ta cire mini jiƙaƙƙun kaya ta naɗe ni da bargo kusa da murhu. Ta kawo mini romon nama, na girgiza kai na ce ni Musulma ce. Ban san ko ta gane kalmar ba. Ta tsaya tana kallona, sai ta taka kujera ta sauko da sabuwar tukunya, ta nuna mini cikinta don in ga ba a taɓa girki da ita ba, ta dama mini kunun shinkafa da dankali. Da ta ga ina salla a zaune sai ta kori karenta waje. Kafin duhu ta ɗauki hular kwanona mai ruwan goro ta fita da ita cikin ruwan. Ashe mararraba ta koma, ta rataye ta a kan doguwar gora.

Hular suka gani washegari da la'asar. Laoban da Hafsah da masu ceto ba su runtsa ba. Hafsah ta shigo ta gan ni da kofi a hannu, ta fashe da kuka tana zagina da Faransanci, sannan ta hau tudu inda ake samun sabis ta kira Babana. Wayar da kika gani ke nan.

Kafin a ɗauke ni laoban ya yi mana tafinta, don yana jin yaren dutse. Apo ake ce mata, wato kaka. Ita ke share ginshiƙin nan. Tana goye aka zo aka ɗebi mazan ƙauyen su yi wa soja dako, har da ubanta, bai dawo ba. Na ce, “Yana cikin tudun?” Ta ce, “Wa ya sani? Wasu sun ce yana ciki, wasu sun ce a'a. Ni dai nan ne ƙafata take iya kaiwa.”

Sai na ba ta labarinki. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Tana da haƙora?” Na ce da saura. Ta tambayi shekarunki, ta ce to ita ce babba. Ta tambayi sunan mahaifinki, na ce Ango. Ta yi dariya ta ce, “A-go.” Laoban ya ce a bakinsu haka ake kiran wa, babban yaya. Ta ce suna ne mai sauƙi, ba za ta manta ba, in ta je shara za ta riƙa kiransa tare da na ubanta. Ta cusa mini ƙullin ganyen shayi ta ce na ƙanwarta ne. Yana cikin ambulan ɗin nan.

Goggo, na karɓe miki abin da kika samu, kuma ban ba ki komai a madadinsa ba. Ki yafe mini. Kada ki yi fushi da Babana.

Surayya

*

Gwammaja, 16 ga Mayu

Surayya,

Gaisuwa da sannu da jiki. Yaya hannun? In an cire filasta ki riƙa matsa lemo a tafin hannu safe da yamma, kada yatsun su sandare. Ni lafiya. Jinina ya hau ranar, ya kuma sauka.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda kika ce. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kwanaki ban fito tsakar gida ba, ban kula kowa ba. Na ji kunya, na ji kamar an sake mayar da shi cikin kogin nan. Daga baya na kira ubanki ɗaki, don ba a yi wa mai furfura faɗa a gaban iyalinsa. Na tanadi maganganu. Kafin in fara ya ce, “Goggo, kwana na yi ina neman bakin da zan gaya miki an rasa ta. Da kika tambaye ni, ban ma ji me kika ce ba. Da na farga kin riga kin aika wa Liman, na ga fuskarki, na kasa.”

Sai na fasa faɗan. Na tuna shi a durƙushe a tsakar gida. Abin da Inna ta yi ta zuwa tasha nema ba ta samu ba, shi na gani da idona an ba Haidar, ina zaune ban sani ba. Da ba a same ki ba, da yanzu gidan nan mu biyu ne masu jira, ni da uwarki, kuma na san yadda jiran yake ci. Na ce masa ya tashi ya tafi, Allah ya yi masa albarka.

Na sa aka kai ni wurin Liman na gaya masa gaskiya, don da shi aka yi. Na ce ko in aika Kura a ce kuskure ne? Ya ce, “Hajiya, mutumin da ya tafi tun zamanin Turawa, ai ba kuskure ba ne a ce Allah ya jiƙansa. Addu'a kuma ba ta tambayar hanya.” Matan unguwa na gaya musu da bakina. Wasu sun yi dariya, ni ma na taya su. Amma an yi mini gaisuwar ubana, Surayya, an durƙusa an yi mini. Na karɓa, ba zan mayar ba. Ba ki karɓe mini komai ba. Kada ki ƙara bin sunaye, ki kula da shinkafarki.

Na sha shayin. Da ɗaci, sai da na zuba sukari, kada ki gaya mata. Ɗaurin gorar nan kuwa, ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. Ki gode wa maigidan kekuna, ki gode wa Hafsah, ki ce in ta zo gida ta biyo ta Kano in gan ta.

Maganar kiran suna, na yi tunani a kai. Kada ta kunna masa turare ko ta ajiye masa abinci, shi Musulmi ne, ki yi mata bayani da ladabi. Amma kira, ta kira. Tun da Inna ta rasu ba wanda yake faɗin sunan nan da ƙarfi sai ni.

Alhaji Shehu zai ba ki leda. Akwai atamfa turmi ɗaya, da man zafi na gwiwa, da dabino mai laushi wanda ba ya neman haƙori. Ba aike za ki yi ba. In kin warke ki kai mata da ƙafarki, ki durƙusa mata har ƙasa, irin durƙuson da ni ba kya yi mini. Ki ce ƙanwarta ta Kano ta ga saƙo, ta kuma sami jikarta da rai, ta gode.

Wassalam.

Goggonki Hasiya